Dalilan da ke sa gajerun hanyoyi ɓacewa daga fuskar kwamfuta

Ɓacewar 'yan alamomin nan da ke jere a fuskar kwamfuta na cikin matsalolin da suka fi tayar wa masu kwamfuta a gida hankali, duk kuwa da cewa a mafi yawan lokuta babu ko fayil guda da ya salwanta. Asarar gaske kan biyo baya ne, wato a lokacin da aka shiga gaggawar gyara.

A cikin birnin Zariya, kamar sauran tsofaffin biranen ƙasar Hausa, kwamfuta ta daina zama kayan ofis kawai. Tun daga shekara ta 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kacokan kan kwamfuta, iyaye da dama suka ga ya wajaba a ajiye ko da guda ɗaya a gida domin yara su saba da ita.

Ga kuma ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke kai da komo tsakanin birni da harabar Kongo ko ta Samaru, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, waɗanda kundin bincikensu na kammala karatu ke cikin irin wannan na'ura. A cikinta ne kuma malamin makaranta ke ajiye sakamakon jarrabawar ɗalibansa, mai ɗinkin babbar riga ya tara hotunan aikinsa, uwargida ta adana hotunan biki da na suna.

Galibin waɗannan kwamfutoci na hannu ne, an more su a Turai ko Amurka kafin su sauka Legas, daga nan su iso shagunan PZ da Sabon Gari. Kwamfutar ɗaya ce, amma hannuwan da ke taɓa ta suna da yawa. Don haka ranar da aka kunna aka tarar da fili fayau, zargi kan faɗa kan ƙaramin yaron gida, washegari kuma a ɗauki na'urar sai shagon mai gyara.

Kwatance ne, ba gidan ba

Abin da masu gyara ke kira shotkot, wato gajeriyar hanya, wani ɗan ƙaramin fayil ne da nauyinsa bai cika wuce kilobayit 1 ko 2 ba. Kamfanin Microsoft ya shigo da shi ne a manhajar Windows 95, kuma babban abin da yake ɗauke da shi shi ne adireshin inda ainihin fayil ko manhaja take a cikin rumbun ajiyar kwamfuta.

Mazauna birni sun fi kowa sanin irin wannan. A unguwanni irin su Kwarbai da Limancin Kona da Unguwar Juma, ba da lamba baƙo ke gane gida ba, da kwatance ne: a shigo ta Ƙofar Doka, a miƙe har Babban Dodo, a karya kwana, a tambayi zauren wane. Idan takardar da aka rubuta kwatancen ta faɗi daga aljihu, gidan na nan inda yake, mutanensa na ciki.

Ana gane gajeriyar hanya da wata 'yar kibiya da ke kusurwar hagu ta ƙasan alamar. Duk alamar da ke da wannan kibiya kwatance ne kawai, share ta ba ya taɓa asalin fayil. Amma takardar da aka rubuta aka ajiye kai-tsaye a fuskar kwamfuta ba ta da kibiya, domin ita ce fayil ɗin da kansa. Wannan bambanci ne ke nuna girman haɗarin da ake ciki, kuma mutane da yawa ba su lura da shi ba sai abin ya faru.

Ita ma fuskar kwamfutar folda ce kamar kowace. Daga Windows Vista zuwa yau tana zaune ne a rumbun C, cikin foldar "Users", ƙarƙashin sunan mai amfani da na'urar, da sunan "Desktop". A nan ya kamata a fara leƙawa, sannan a duba kwandon shara, sannan a rubuta sunan fayil ɗin a gurbin bincike. Muddin ya fito, to maganar asara ta kau, saura gano abin da ya ɗauke kwatancen.

Idan komai ya tafi lokaci guda

Idan duka alamomin ne suka ɓace, har da kwandon shara, to wannan shi ne mafi sauƙi, domin ɓoye su aka yi. Sai a danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta a kan filin, a shiga "View", a tabbatar akwai alamar maki a jikin "Show desktop icons". Kuskuren danna wannan layi ba ya buƙatar ƙwarewa, yaro mai wasa da linzami ma yana iya yi.

A Windows 10 akwai wani tsari mai suna "Tablet mode" da aka yi domin na'urorin da ake shafa fuskarsu da yatsa, kuma idan ya kunnu yakan rufe alamomin gaba ɗaya. Ana kashe shi daga akwatin sanarwa da ke kusa da agogo.

Idan kuwa har layin ƙasa mai ɗauke da agogon ya ɓace, to manhajar da ke zana fuskar ce ta tsaya. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga "File", a zaɓi buɗe sabon aiki, a rubuta explorer.exe. Nan take komai zai dawo.

Dokar huɗu ta Windows 7

Lamarin ya fi ɗaure kai idan wasu alamomin ne kawai ke ɓacewa, a mayar da su, bayan 'yan kwanaki su sake tafiya. A nan sau da yawa ba yaro ba ne, ba kuma ƙwayar cuta ba ce. Manhajar Windows ce da kanta take shara.

Abin ya samo asali tun Windows XP da ta fito a shekara ta 2001. Tana da wani ɗan ma'aikaci da kan fito duk bayan kwana 60 ya nemi izinin kwashe alamomin da aka daɗe ba a taɓa ba. Idan aka amsa masa, sai ya zuba su a wata folda mai suna "Unused Desktop Shortcuts" a nan fuskar kwamfutar. Mutane kan amsa ba tare da sun karanta ba, amma aƙalla yana tambaya, kuma ba ya zubar da komai.

Windows 7, wadda ta fito a watan Oktoban 2009, ta daina tambaya. A cewar bayanin da kamfanin Microsoft ya wallafa mai lamba KB978980, manhajar na gudanar da aikin gyaran kai sau ɗaya a mako, kuma idan ta tarar da karyayyun gajerun hanyoyi fiye da 4 a fuskar kwamfuta, sai ta share su duka ba tare da sanarwa ba.

Matsalar tana cikin ma'anar "karyayya". A wajen Windows 7, duk gajeriyar hanyar da aka bi ba a tarar da abin da take nunawa ba a daidai wannan lokaci, karyayya ce, ko da kuwa abin na nan lafiya lau a wani wuri. Kamfanin da kansa ya ba da misali da filash ɗin da aka zare, da kuma foldar da ke kan wata kwamfutar da ba a haɗe take ba a lokacin.

Ko shakka babu waɗanda suka tsara wannan doka sun yi ta ne da tunanin ofishin da komai ke jone dare da rana. A gidan da ke cikin birnin Zariya kuwa akasin haka ne. Ɗalibi na ajiye babi-babin kundinsa a filash domin ya kai wa malaminsa a Kongo, ya kuma yi wa kowane babi gajeriyar hanya a fuskar kwamfutar gida. Babi biyar, gajerun hanyoyi biyar. Ranar da aikin mako ya zagayo filash ɗin na aljihunsa, dukansu sun tafi.

Akwai kuma batun harafi. Windows na bai wa duk abin da aka soka harafi, yau filash ya zama E, gobe idan an riga an soka katin waya ko wani rumbun na waje sai ya koma F. Kwatancen da ke cewa a je E ya zama ƙarya ke nan, ko da filash ɗin na jikin kwamfutar.

Mafita iri biyu ce. Ta farko, wadda ta fi dacewa, ita ce a buɗe sabuwar folda a fuskar kwamfuta a zuba irin waɗannan gajerun hanyoyi a ciki, domin mai sharar ba ya shiga cikin folda. Ta biyu ita ce a kashe aikin baki ɗaya: a shiga "Control Panel", a ƙarƙashin "System and Security" a danna "Find and fix problems", sannan "Change settings", a mayar da "Computer Maintenance" zuwa "Off". Sai dai yin hakan na dakatar da sauran binciken da ake yi a wannan aiki na mako, ciki har da lura da kurakuran rumbun ajiya.

Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows XP a ranar 8 ga Afrilun 2014, Windows 7 kuma a ranar 14 ga Janairun 2020. Amma har yanzu ana samun Windows 7 a tsofaffin kwamfutocin gida, musamman waɗanda ƙarfinsu bai kai ɗaukar sabbin manhajoji ba, kuma dokar huɗu na nan tana aiki a cikinsu.

Ɗaukewar wuta da ɗakin baƙi

Dalili na gaba ya fi ban tsoro a ido. Mutum zai kunna kwamfuta ya tarar kamar yau aka sayo ta: hoton da ya sa a bango ya sauya, alamominsa babu, foldar takardu wayam, hotuna ma haka.

Domin fahimtar wannan sai a dubi tsarin babban gida a birni, inda kowane magidanci ke da sashensa. Haka Windows ke ware wa duk mai amfani da kwamfuta nasa sashe, inda fuskarsa da takardunsa da hotunansa suke. Mabuɗin wannan sashe wani fayil ne mai suna NTUSER.DAT, wanda manhajar ke yawan rubutu a cikinsa muddin ana aiki.

Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar wannan rubutu, fayil ɗin na iya lalacewa. Wani lokaci kuma manhajar kariya ce ke riƙe shi a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Da Windows ta kasa buɗe sashen, ba ta barin mai gida a waje, sai ta sauke shi a ɗakin baƙi, wato wani sashe na wucin gadi da babu komai a ciki. Takan nuna ɗan saƙo a ƙasa mai ɗauke da kalmomin "temporary profile", amma saƙon ba ya jimawa yake ɓacewa.

Ba sai an gaya wa mutumin Zariya yadda wutar lantarki take ba. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin arewacin Najeriya sun shafe fiye da mako guda cikin duhu sakamakon matsalar manyan layukan dakon wuta. To amma ba doguwar ɗaukewa ce ta fi yi wa kwamfuta illa ba, 'yar kawowa da ɗaukewar nan ce ta ba zato, da sauyawa daga wutar gwamnati zuwa janareta. Kwamfutar tebur da ba ta da na'urar riƙe wuta ta UPS mutuwa take nan take. Ta tafi-da-gidanka ma haka, idan batirinta ya mutu, kuma yawancin na hannu da raunanan batura suke zuwa.

Abin da ya kamata a sani shi ne kayan na nan a asalin sashen. Idan aka shiga rumbun C, aka buɗe "Users", za a ga folda mai sunan mai kwamfutar, da komai a ciki, a gefenta kuma wata sabuwa mai suna TEMP. Shawarar kamfanin Microsoft ita ce a kashe kwamfutar a sake kunnawa, ko da sau biyu ko uku ne, domin sau da yawa sashen kan buɗu. Idan ya ƙi, sai a buɗe sabon asusun mai amfani a kwafo kayan daga tsohon.

Haɗarin da ke nan guda ne, kuma babba ne: duk abin da aka rubuta aka ajiye a ɗakin baƙi, gogewa yake da zarar an fita daga asusun. Wanda bai lura ba ya zauna ya sake buga babi guda a nan, to wannan aikin ne zai yi asara, ba tsohon ba.

Ƙaura zuwa OneDrive, da kurakuran kamfani

A Windows 10 da Windows 11 akwai wani sabon dalili. Yayin shirya kwamfuta da asusun Microsoft, manhajar OneDrive kan ɗauke foldar fuskar kwamfuta da ta takardu da ta hotuna ta mayar da su ƙarƙashinta, domin a riƙa ajiye kwafinsu a intanet. Idan daga baya aka dakatar da wannan aiki, ko don kuɗin data ko don gigabayit 5 da ake bayarwa kyauta sun cika, fuskar na iya zama wayam, alhali kayan na cikin foldar OneDrive. Abin da aka share daga can kuma yakan zauna kwana 30 a kwandon sharar OneDrive na intanet, ga masu asusun kansu.

Shi ma kamfanin yakan yi nasa kuskuren. A watan Oktoban 2018 ya janye wani babban sabuntawa na Windows 10 kwanaki kaɗan bayan fitowarsa, saboda ya share wa wasu mutane takardunsu. A Fabrairun 2020 wani sabuntawar ya jefa wasu cikin ɗakin baƙin da aka ambata. Sai kuma ranar Juma'a 13 ga Janairun 2023, lokacin da wani kuskure a manhajar kariya ta Microsoft Defender ya goge gajerun hanyoyi daga kwamfutocin ma'aikatu da kamfanoni a sassan duniya. Wannan na ƙarshe bai cika shafar kwamfutocin gida ba, kuma ko a inda ya shafa, manhajojin na nan, kwatancen ne sai da aka sake rubutawa.

Idan gajerun hanyoyi suka bayyana da kansu

Ɓacewar gajeriyar hanya ba ta kai bayyanarta haɗari ba. Duk wanda ya taɓa kai filash shagon buga takardu a Kongo ko Samaru ko Tudun Wada a lokacin da ɗalibai ke rububin buga kundi, da wuya bai gamu da wannan ba: a dawo gida a soka filash, a tarar duk foldoji sun zama masu kibiya, ko kuma babu komai sai gajeriyar hanya guda ɗaya mai sunan filash ɗin.

Wannan aikin ƙwayar cutar kwamfuta ne, kuma yana da tarihi. A da irin waɗannan ƙwayoyi sun dogara ne da wani tsari na Windows da ke buɗe abin da ke cikin filash da kansa da zarar an soka. Ta nan Conficker, wadda ta ɓulla a 2008, ta samu ɗaya daga hanyoyin yaɗuwarta. Kamfanin Microsoft ya toshe wannan ƙofa a Windows 7, sannan a Fabrairun 2011 ya aika da gyaran zuwa XP da Vista. Da ƙofa ta rufu, sai masu ƙirƙirar ƙwayoyin suka ƙara karkata ga dabarar da za ta sa mutum ya buɗe musu da hannunsa.

Dabarar kuwa ita ce kura da fatar akuya. Ƙwayar na ɓoye ainihin foldoji, ta ajiye gajerun hanyoyi masu sunansu da kamanninsu. Idan aka danna, sai ƙwayar ta fara shiga kwamfutar, sannan ta buɗe foldar da ake nema domin kada a yi zargin komai. Daga nan duk filash ɗin da aka soka a wannan kwamfuta ya kamu. Shagon da ke karɓar filash na mutane masu yawa a yini ya zama tamkar rijiyar unguwa da guba ta faɗa.

Cikin sanannun irin waɗannan akwai Jenxcus, wadda ta yaɗu daga shekara ta 2013, da Gamarue da ake kuma kira Andromeda, wadda hukumar FBI ta Amurka da 'yan sandan Turai na Europol da kamfanin Microsoft suka haɗu suka rusa cibiyoyinta a ƙarshen Nuwamban 2017. A lokacin kamfanin ya ce ana gano ta ko tare ta a kwamfutoci fiye da miliyan 1 duk wata. Rusa cibiya ba ya wanke tsofaffin filash da kwamfutocin da suka riga suka kamu, shi ya sa ake ci gaba da cin karo da irinsu. Ba ɓoye fayil ne burinsu ba, satar kalmomin sirri ne da bai wa wani daga nesa damar sarrafa na'urar.

Ita gajeriyar hanya ta taɓa shiga rikicin manyan ƙasashe ma. Ƙwayar Stuxnet da aka gano a 2010, wadda ta yi ɓarna a cibiyar nukiliyar Natanz ta ƙasar Iran, ta yi amfani da wani rauni ne a yadda Windows ke nuna hoton gajerun hanyoyi, ta yadda buɗe filash ɗin kawai ya isa, ba sai an danna komai ba. An toshe wannan rauni a watan Agustan shekarar.

Ga wanda abin ya same shi, ƙa'idar farko ita ce kada ya danna ko ɗaya daga cikin masu kibiyar. Ya duba "Properties" na filash ɗin: idan ya nuna har yanzu akwai nauyin kaya a ciki, to fayilolin na nan. Sai a bincike kwamfutar da filash ɗin da manhajar kariya da aka sabunta, domin wadda ta shekara ba ta ga intanet ba ba ta san sababbin ƙwayoyi ba. Dole a fara da kwamfutar, in ba haka ba ana wankewa tana sake shafawa.

Bayan nan sai a rubuta cmd a gurbin bincike, a buɗe baƙin allon da zai fito, a rubuta wannan umarni, tare da sauya E da harafin filash ɗin:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Umarnin ba ya kashe ƙwayar, cire lulluɓin da aka yi wa fayilolin kawai yake yi. Kada a kuskura a yi shi a kan rumbun C. Idan foldojin suka fito, wani lokaci cikin wata folda mara suna, sai a kwafe su zuwa wuri mai tsabta, a bar gajerun hanyoyin da duk wani baƙon fayil mai ƙarewa da vbs, sannan a wanke filash ɗin. Masu yawan buga takardu kan kauce wa matsalar ta hanyar tura aikin ta imel ko WhatsApp, ko su ware filash guda na zuwa shago kawai, wanda babu asalin komai a cikinsa.

Inda ake garin neman gira a rasa ido

A dukan dalilan da aka ambata, kusan babu wanda ke buƙatar fomat, wato wanke rumbun ajiya da ɗora sabuwar Windows. Amma shi ne maganin da ya fi saurin zuwa baki, domin ya fi bincike sauƙi, kuma mai gyara na da layin masu jira. Kwamfutar takan dawo tana gudu kamar sabuwa, sai an je neman kundi a gane abin da ya faru. Fuskar kwamfuta da foldar takardu duk a rumbun C suke, kuma shi ake wankewa.

Don haka kafin a yarda a taɓa komai, haƙƙin mai kwamfuta ne ya nemi a kwafe masa foldar "Users" gaba ɗaya zuwa wani rumbun, ya kuma buɗe fayilolin da idonsa ya tabbatar suna aiki. Ana iya yin haka ko da Windows ta ƙi tashi, ta hanyar ciro rumbun a jona shi da wata kwamfutar. Mai gyaran da ya san aikinsa ba zai ƙi ba, ko da zai ƙara ɗan kuɗi.

Idan an riga an ɗora sabuwar Windows ba tare da an wanke rumbun ba, tsofaffin kayan kan koma wata folda mai suna Windows.old. A Windows 10 da 11 manhajar kan share ta da kanta bayan kwana 10 da sabuntawa, saboda haka ba abin jinkiri ba ne. Idan kuwa an wanke, to a daina amfani da kwamfutar nan take, domin duk sabon abin da aka ajiye yana iya hawa kan gurbin tsohon. Manhajoji irin su Recuva da PhotoRec kan ceto wani abu daga tsohon rumbu mai faifai, amma a sabon nau'in SSD damar ba ta da yawa.

Akwai yanayi guda da ɓacewar alama ke zama gargaɗi na gaske. Idan fayiloli marasa kibiya ne ke ɓacewa, kwamfutar na yawan daskarewa, ana jin ƙas-ƙas daga cikinta, ko tana yawan binciken rumbu yayin tashi, to rumbun ne ke gab da mutuwa. Zafin bazara da ƙurar hunturu da ke toshe fanka ba sa taimaka masa. A nan kwashe kaya ake fara yi, gyara ya biyo baya.

Masu Windows 10 kuma su sani cewa kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafinta na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma da yawa daga tsofaffin kwamfutocin hannu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wannan zai sa a yi ta kai na'urori shago domin sauya manhaja, kuma a kowace tafiya batun kwafe foldar "Users" na nan.

Mayar da gajeriyar hanyar da ta ɓace kuwa bai kai aikin minti ɗaya ba. A nemo asalin fayil ɗin, a danna masa maɓallin dama, a shiga "Send to", a zaɓi layin da ya fara da "Desktop". A Windows 11 sai an fara danna "Show more options". Abin kiyayewa shi ne jawo fayil da linzami zuwa fuskar kwamfuta ba ya samar da gajeriyar hanya. Idan daga rumbun C aka jawo shi, ɗauke shi aka yi ɗungurungum daga mazauninsa, idan daga filash ne kuma kwafi na biyu aka yi, wanda gyaran da aka yi a cikinsa ba zai shiga na filash ɗin ba. Sai an riƙe maɓallin Alt yayin jawowa sannan 'yar kibiyar ke fitowa.